Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ƙarfen da ya tsage kamar lakar tabki

Makon jiya na tsaya a ranar da na sauka Damagaram hutu, bayan shekara biyu a Faransa. Washegari da hantsi na nufi maƙerar Baba a Zango. Na tarar da shi gaban uwar maƙera, ƙanena na zuga. Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "To, ɗan boko, me kuke ƙerawa can?"

Na ciro waya na nuna masa hoton wani guntun ƙarfe da madubin bincike ya girmama. Fuskarsa duk tsaga, kamar lakar tabki a bazara. Na ce sunansa tangistan, shi ne siririn zaren cikin tsohon ƙwan lantarki, ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 3,422. Shi ya sa a Kadarash da ke kudancin Faransa, inda ake gina tukunyar ITER, wata babbar na'urar gwajin samar da makamashi irin yadda rana ke yi, da shi za a shimfiɗe gindinta, wurin da filasma ke zubar da zafinta. Filasmar kuwa iska ce da za a zafafa har digiri miliyan 150.

Baba ya ajiye masaba. "In bai narke ba, me ya fasa shi?"

Na fara kame-kame da Faransanci a kaina. Na ce filasmar takan yi tartsatsi, ta mari ƙarfen da zafi a ƙasa da ƙiftawar ido, ta sake, ta sake, sau dubbai. Fatar sama ta nemi buɗewa, na ƙasa da bai kai ta zafi ba ya riƙe ta. Kuma tangistan in ya huce gautsi gare shi, ba ya lanƙwasa. Ga iskar hiliyom da ke kutsawa ƙarƙashin fatar ta yi ƙananan kumfa, ta ƙara raunana shi.

Sai ya yi dariya, ya ɗaga wani gatari da awartaki. "Wannan ƙanenka ya tsoma a ruwa yana ja wur. Dubi bakinsa." Tsaga ce siririya kamar gashi. Ƙanena ya sunkuyar da kai, ni ma haka, don watanni na yi kafin in gane abin da Baba ya faɗa cikin numfashi ɗaya.

Da zan tafi ya ce in na koma in kawo masa guntu ɗaya ya gwada a wutarsa. Yadda na yi da wannan saƙo, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.