Sabar da na dasa a akwatin turaren Hajiya

Duk wanda ya zauna kusa da sabarmu, wato kwamfutar da na haɗa wa wata makaranta a cikin akwati, da fanka ta fara juyawa sai ka ga ya ɗaga hanci yana waige-waige, yana neman matar da ta shigo aji da turaren wuta. Babu wata mata, akwatin ne. Ya shekara da shekaru a ƙarƙashin gadon Hajiyarmu cike da kwalaben humra da turaren tsuguno. Na wanke shi sau uku, na shanya shi kwana biyu a rana, ƙanshin ya ce yana nan daram.

Sana'ata gyaran kwamfuta a Kano. Ran Asabar kuma nakan je wata makaranta a wani ƙauye da ke gaba da Bichi in koya wa malamai da manyan ɗalibai yadda za su amfana da wayoyin da ke aljihunsu. Wayoyin kam akwai su. Sabis ne sai ka hau tudun bayan masallaci ka ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa. Shi ya sa na ce tunda ba za su iya zuwa intanet ba, bari in ɗauko abin da ya sawwaƙa daga cikinta in kai musu.

Saba dai kwamfuta ce da ba a zama a gabanta, aikinta ta raba wa wasu abin da ke cikinta. Masu fassara na ce mata uwar garke, mu a kasuwa saba muke cewa. A tawa na sa Debian 12, tsarin da ke tafiyar da kwamfutar kamar yadda Windows ke yi, na ɗora Kiwix, manhajar da tun 2007 take bai wa mutane damar karanta Wikipedia ba tare da intanet ba. Na zuba Wikipedia ta Hausa, da ta Turanci mai hotuna wadda ita kaɗai ta ci wajen gigabait 100. Sai Kolibri ta ƙungiyar Learning Equality, mai ɗauke da bidiyon lissafi da kimiyya na Khan Academy. Duk wannan bai ci mini yini biyu ba. Gidan da zan sa shi ne ya cinye mini wata biyu.

Tafiyar farko da tsohuwar doguwar kwamfutar ofis na yi ta. Na nannaɗe ta da bargo, muka shiga mota zuwa Bichi, daga nan aka ɗaure ta a bayan babur muka kama burji. Da muka isa na kunna, sai na ji had disk yana "ƙyas, ƙyas, ƙyas". Duk mai gyara ya san wannan kukan, sai dai a ce Allah ya ji ƙan rai. Had disk faifai ne da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da ɗan hannun karatu da ke shawagi a samansa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai ko kusa da kaurin silin gashi ba. Nawa kuwa tsoho ne, ramukan hanyar nan suka ƙarasa shi. Malamai goma sha huɗu suna zaune suna kallona, ni kuma ina kallon baƙin allo. Ranar da alli muka yi darasi.

Wani zai ce me ya hana ka ɗaukar tsohuwar laftof? Gaskiya ce, kuma ko yau wani ya tambaye ni hanya mafi sauƙi, ita zan nuna masa, don tana da batirinta da allonta. Amma na san halinmu. Laftof idan ta kwana a makaranta, gobe wani zai are ta ya buga takardar ɗaurin aure, jibi ɗan wani zai kalli fim a kai, gata a ce maka ta faɗi. Akwatin da ba shi da allo, ba shi da madannai, babu mai aronsa. Na kuma yi tunanin 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, wadda mutane da yawa ke irin wannan aiki da ita kuma tana yi. Ni dai na fi son abin da idan ram ɗinsa, wato ma'ajiyarsa ta wucin gadi, ya mutu zan taka zuwa kasuwar kayan kwamfuta ta Beirut Road in sayo wani kafin la'asar.

Sai na tsaya a kan bod, wato farantin da ake dasa duk sassan kwamfuta a kai, ƙirar Mini-ITX. Kamfanin VIA na Taiwan ne ya fito da wannan awo a 2001: santimita 17 tsawo, 17 faɗi, da ramin noti huɗu. Wanda na samu shi ne ASRock N100DC-ITX. Ƙwaƙwalwarsa Intel N100 ce ta 2023, wadda aka ƙiyasta zafinta a wat 6 kacal, har ba a sa mata fanka ba, ƙarfen sanyaya kawai aka ɗora mata. Abin da ya fi jan hankalina shi ne ba ya bukatar ƙaton fawa irin na kwamfutar tebur. Bolt 19 yake sha, irin na cajar laftof. A madadin had disk na haɗa shi da ma'ajin SSD mai terabait 1, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa, ko babur ya yi ta tsalle.

Akwatin kuwa, ranar da na je gaida Hajiya na gan shi an fito da shi ana share ɗaki. Na ƙarfe ne, kore, da zanen furanni, yana da mariƙi a murfi da wurin kwaɗo. Na ciro tef na auna: tsawo santimita 36, faɗi 26, zurfi 16. Na ce, "Hajiya, a ba ni wannan mana." Ta ce, "Kai kuma me za ka yi da akwatin mata?" Da na yi mata bayani sai ta ce, "To in dai karatun yara ne, ɗauka, Allah ya yi albarka. Amma kwalabena ka juye mini su a kwalla."

Kafin a taɓa ƙarfen sai da na yanka kwali daidai girman kowane abu, bod, batir, rauta mai watsa wayifai, fanka, na yi ta jujjuya su a ciki har dare. Na ji daɗin da na yi haka, domin a zanen da na yi a takarda komai ya shiga, amma a kwali sai ga shi murfi ba zai rufu ba idan batir na tsaye. Dole ya kwanta.

Wurin wani dattijo maƙerin kwano a Ƙofar Ruwa na kai yanka. Ya juya akwatin, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya ce, "Malam, irin wannan ƙarfen yanzu ba a yin sa. Ka tabbata huda shi za a yi?" Na ce, "Baba, a huda." Ya cusa guntun katako a ciki don kada jikin ya loɓa, ya bi layin da na zana da kurfi da guduma, ya fitar da da'irar fanka tsaf, sannan ya bi bakin da magagari. Bai yi awa guda ba. Ni da na ce zan yi da kaina a shago, da na ɓata akwatin Hajiya.

Ga wani abu da ba a cika faɗa ba: garin ƙarfe. Bayan an yi huji, ɗan burbushin nan yana maƙalewa a kowane lungu, kuma ƙwaya ɗaya ta faɗa kan bod ta haɗa layi biyu, shi ke nan. Na ciro maganaɗisun tsohuwar sifika, na sa shi a leda, na bi cikin akwatin kusurwa-kusurwa. Abin da ya kwaso sai da ya ba ni tsoro.

Ban ɗaure bod a jikin akwatin kai-tsaye ba. Na yanka filawud daidai cikinsa, na kafa 'yan ƙafafun tagulla huɗun nan da ke ɗaga bod, na ɗaure komai a kan katakon, yadda idan gyara ya taso zan ciro shi gaba ɗaya kamar faranti. Tsakanin katako da ƙarfe na shimfiɗa robar tsohon tib ɗin babur ninki uku, ita ke shanye girgiza. Wayoyi kuma duk na ɗaure su, domin wayar da aka bari tana lilo, wata rana a hanya za ta zare kanta.

Sai zafi, kuma a nan na yi wauta. Na ce ai bod ɗin da ba ya bukatar fanka ne, bari in gwada ba tare da ita ba, in rage cin batir. A watan Afrilu ne, lokacin da Kano ke haura digiri 40 a inuwa. Na rufe murfi, na sa wayoyi biyar suna jan bidiyo. Kafin minti arba'in ƙwaƙwalwar ta wuce digiri 90, ta fara rage gudu don ta ceci kanta. Iyakarta 105 ce, amma SSD ya fi ta raki, yawancinsu digiri 70 aka yanka musu. Ƙarfen sanyaya yana aiki ne idan akwai iskar da za ta kwashe zafin, a rufaffen akwati kuwa tanda ka haɗa. Na mayar da fanka mai santimita 12, tana jawo iska daga gefe ɗaya ta hura kan bod, zafin kuma ya fita ta ƙananan ramuka a ɗaya gefen, can sama kusa da murfi.

Da gangan na sa fankar tana turawa ciki maimakon ta zuƙo waje. Idan iskar ciki ta fi ƙarfi, duk wata kafa da ke jikin akwatin fitar da iska take yi, ƙura kuma ƙofa ɗaya ta rage mata, bakin fanka. A nan na sa matata: yankin gidan sauro, da siririn soso a bayansa, a cikin ɗan firam da ake zarewa. Da hunturu ya kama, duk sati sai na wanke sosan, ruwan ya fito ja wur kamar an jiƙa jan ƙasa. Cikin akwatin kuwa ko yatsa ka goga ba ka ganin komai.

Kuskure na biyu ya fi ba ni kunya, don na san abin tun a makaranta. Na sa rauta a ciki da eriyoyinta a kwance, na gwada da murfi a buɗe, wayifai har bakin titi. Na rufe, na yi taku biyar, sabis ya ɓace. Tun 1836 Michael Faraday ya nuna cewa rufaffen gidan ƙarfe yana tare irin wannan abu, ni kuma a shagona na sake gano shi da gumina. Na koma wurin Baba ya ƙara huji biyu a baya, na sayo 'yan gajerun wayoyin eriya masu noti, na fito da eriyoyin waje. Idan za a yi tafiya sai in kwance su in jefa a aljihu.

Wuta ba ta ba ni wahala sosai ba. Batir ɗin bolt 12 ne mai amfiya-awa 7, irin na cikin UPS ɗin da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, nauyinsa ya ɗan haura kilo 2, kuma shi ne mafi nauyi a akwatin. Cajar laftof ta mota ce ke ɗaga 12 zuwa 19. Saba kullum daga batir take sha, caja ko farantin sola kuma batir ɗin suke ciyarwa, saboda haka ko an ɗauke wuta ko janareto ya shaƙe, ita ba ta sani ba. Lissafin mai sauƙi ne: 12 sau 7 ya ba da wat-awa 84, irin wannan batir ba a son a sha fiye da rabinsa, saura 42. Na auna duka kayan suna cin wajen wat 14, ka ga awa uku ke nan, daidai tsawon darasinmu. Fiyus kuma yana nan dab da kan batir. Batir a cikin gidan ƙarfe babu fiyus, gobara ce kake yawo da ita a cinya.

Makunnin na fara sa shi a waje, ja, mai kyau. Ashe na yi wa yara abin wasa. Sau biyu ana tsakiyar kallo wani ɗan ƙaramin ya lallaɓo ya danna, Debian kuma ta bi umarni ta kashe kanta cikin ladabi. Yanzu yana ƙarƙashin murfi, murfin kuma da kwaɗo.

Abin da ban taɓa kawowa a raina ba sai da muka zo wani shingen bincike. Jami'in ya leƙo mota ya ga akwatin a cinyata, ya ce in buɗe. Ka tsaya ka ga abin da idonsa: akwatin ƙarfe, batir, wayoyi ja da baƙi, da wuraren ɗaura eriya. A arewacin nan, bayan abin da muka gani a shekarun baya, ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Ya ja da baya, fasinjoji suka yi tsit, wata tsohuwa a bayana ta fara salati. Na ce, "Yallaɓai, kwamfutar makaranta ce, a ba ni izini in kunna." Ya yi jim, sannan ya ce in sauko da ita can gefe. Na ɗaura eriya, na kunna, muka jira ta tashi, minti ɗayan da ya fi kowane tsawo a rayuwata. Na ce ya buɗe wayifai a wayarsa. Ya shiga, ya rubuta sunan garinsu, shafin ya buɗe. Ya karanta, ya kira abokin aikinsa ya nuna masa, sannan ya sunkuya ya shinshina bakin fankar ya ce, "To shi kuma turaren na mene ne?"

Washegari na kai akwatin wurin mai rubutun allon shago ya rubuta KWAMFUTAR MAKARANTA da farin fenti a murfi, da Hausa da Turanci, na kuma karɓi takarda daga hedimasta na liƙa a ciki. Rubutun ya rufe biyu daga furannin, kuma da Hajiya ta gani sai da ta yi magana.

Yanzu abin da ya rage mariƙi ne. An yi shi don kwalaben turare, ga shi yana ɗaukar kusan kilo 5, kuma na lura ƙusar gefen hagu ta fara buɗewa. Baba ya ce in kawo masa ran Talata ya sa masa ƙarfe ta ciki.