Asabar ɗin da muka fita neman ɗaki mai taya

Ƙarfe goma sha ɗaya na dare ta wuce, kowa ya yi barci, ni kuma ƙafafuna sai zogi suke, amma gara in rubuta yanzu tun lissafin bai bar kaina ba.

Tun bayan sallar asuba na zauna da takardar da na yi mako biyu ina cikewa. Wurare uku za mu je duba tirelar kwana, wato ɗan ɗakin nan mai taya da ake maƙala wa mota a baya a tafi da shi bakin tafki a kwana. A gida in an ce tirela, babbar motar kaya ce ke zuwa wa mutum a rai. Wannan ƙarama ce, akwai gado da murhu a ciki. A nan jihar Minesota ta Amurka, da zarar ƙanƙarar da ta rufe tafkuna ta fara narkewa a watan Afrilu, sai ka ga kowa ya fito da tasa daga bayan gida yana wankewa. Jihar tana alfahari da tafki dubu goma, har a lambar motocinsu sun rubuta, kuma a zahiri sun haura 11,000.

Bara sau biyu muka kwana a tanti. Na biyun ruwan sama ya same mu da tsakar dare, katifun suka jiƙe, Auta ta kwana tana tari. Da safe Maman yara ta ce da ni, cikin natsuwa, ita ba ta hana a kai yara ruwa ba, amma ba za ta sake kwantar da su a ƙasa ba. Daga ranar muka fara tara kuɗi. Dala 5,000 muka haɗa, kuma muka yi alkawari ba za mu wuce ta ba.

Ni ɗan Yauri ne. A bakin Kwara na tashi, ban ma san ranar da na koyi iyo ba, kamar yadda mutum ba ya tuna ranar da ya fara tafiya. Amma ga 'ya'yana huɗu, an haife su a ƙasar tafkuna, babban har ya kai shekara goma sha uku yana tsoron ruwan da ya wuce ƙirjinsa. Abin ya daɗe yana ci mini rai. Shi ya sa na sayi kwalekwalen roba biyu na hannu, waɗanda ake kira kayak, kuma shi ya sa muka fita yau.

Wuri na farko babban filin dillalai ne a kan hanyar garin Sent Kulawud. Tireloli jere kamar rumfunan kasuwa, sababbi fil, galibinsu daga Elkhat ta jihar Indiyana, inda ake ƙera mafi yawan irin waɗannan a Amurka. Wani matashi ya tarbe mu da fara'a, ya shigar da mu wata mai gadaje masu hawa biyu, da banɗaki, da firji, da na'urar sanyaya ɗaki. Yara suka haye gadaje suna rabon wuri. Maman yara ta buɗe ƙofar banɗakin ta rufe, ta sake buɗewa, ta dube ni. Na san abin da ke ranta. Mace mai 'yan mata biyu da za su fito daga ruwa a jiƙe tana son wurin da za a rufe ƙofa a sauya kaya cikin sutura, a yi alwala ba a idon jama'a ba. Buƙata ce ta gaskiya, ban raina ta ba.

Na tambayi matashin nauyinta. Ya ce laba 3,200, kuma tunda motarmu Toyota Sienna ce mai jan laba 3,500, wai ba matsala. Nan ne mako biyun da na yi ina karatu suka yi mini rana. Lambar da ya faɗa nauyin tirelar ce wayam, yadda ta baro masana'anta. Na zagaya gefen hagu ta gaba, inda ake liƙa takardar nauyi, na ga iyakarta da kaya ta kusa laba 4,000. Tankin ruwanta galan 30 ne, kowane galan kuma ya ɗan haura laba 8, wato laba 250 ke nan tun ba ka sa tukunya ɗaya ba. Ga batir, ga tukunyar gas, ga abinci, ga barguna.

Akwai kuma lissafi na biyu da ba wanda zai faɗa maka in ba ka tambaya ba. Tirela tana danna bayan mota da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta, kuma wannan dannawar tana shiga cikin abin da ita motar za ta iya ɗauka, tare da mu shida, da kwalekwale biyu a kan rufi, da duk abin da ke but. Na buɗe ƙofar direba na nuna masa takardar da ke jikin ginshiƙin, na haɗa lissafin a gabansa. Mun wuce iyaka tun kafin a ɗora buhun shinkafa. Motar za ta iya jan ta a kan shimfiɗaɗɗen titi, amma tsayawa ce abin tsoro, da iskar da babbar mota ke kaɗowa in ta wuce ka.

Sai ya koma maganar kuɗi. Farashin ya haura dala 20,000 in an haɗa da kuɗin takardu da na kawowa, amma ya ce kada in dubi wannan, in dubi abin da zan riƙa biya a wata, bashi na shekara goma sha biyu. Na ce masa ba ma cin bashi mai kuɗin ruwa. Ya yi shiru kaɗan, ya ce ya fahimta, ya ba ni katinsa. Ko da ba don addini ba, abin da za a yi amfani da shi wata huɗu ko biyar a shekara, darajarsa na faɗuwa tun ranar da ya bar filin, ban ga dalilin ɗaure wuya da shi har Auta ta shiga jami'a ba. Yara sun fito fuska a murtuke. A mota babu mai magana, sai da Maman yara ta ce, "Maigida, mu je ta gaba."

Ta biyu a Facebook na gan ta, mai gida ne da kansa ke sayarwa. Ƙafa goma sha shida, fara tas a hoto, kuɗinta daidai aljihunmu. Ina shiga hancina ya gaya mini labari. Warin hunhuna ne, an fesa turare a kansa. Na taka kusa da ƙofa, ƙasan ya lotsa kamar katifa. Na haska tocila cikin kabad ɗin sama na ga tabon ruwa ya gangaro daga kusurwar rufi, bangon waje kuma ya kumbura a wuri biyu inda fatar ta rabu da katako. Irin waɗannan tireloli jikinsu siraran katako ne da ƙyar suka fi kaurin yatsa, in ruwa ya sami ƙofa ta wajen liƙin rufi ko taga, a hankali yake cin su daga ciki, shekara da shekaru ba a gani. Mutumin ya ce ɗan gyara ne. Na yi masa godiya muka fito. Minti goma ba mu yi ba.

Muka yi azahar a wani wurin hutawa na gefen titi, a kan ciyawar da ba ta gama farfaɗowa daga hunturu ba, muka ci dambun da aka taho da shi. A nan babban ɗana ya tambaye ni, "Baba, me ya sa dole sai ruwa? Ba za mu je wani wurin ba?" Na ba shi labarin Rigata, yadda ake tseren kwalekwale a garinmu, da Sarkawa waɗanda ruwa ne gonarsu. Sannan na gaya masa ɗaya ɓangaren, wanda ban taɓa gaya masa ba, na jirgin da ya nutse kusa da Wara a watan Mayun 2021, cike da 'yan kasuwa da mata da yara, da yadda na kwana ina kiran waya gida. Mu mun iya ruwa amma ba mu san rigar ruwa ba. Su nan suna da rigar, suna da doka, ba su da sabo. Ina so su haɗa biyun. Ya saurara, bai ce komai ba, amma ya daina duba wayarsa.

Ta ukun ita ce na fi raina wa a takarda. Irin mai naɗewa ce, a kan hanya kamar akwati take, tsayinta bai kai ƙirjina ba, in an isa a juya hannu rufin ya tashi, a jawo gadaje biyu gaba da baya, bangon kuma tamfol ne. Masu ita wani dattijo ne da matarsa, jikokinsu sun girma, gwiwarsa kuma ba ta yarda da juya hannun. A cikin gareji take, kuma ya ce a nan take kwana duk hunturu tun da suka saye ta. Wannan kaɗai ya sa na gyara tsayuwa.

Ya bar ni na ɗaga ta da kaina. Minti ashirin ta ɗauke ni, ya ce da sabo zai ragu. Na bi tamfol ɗin ɗinki bayan ɗinki, babu yagewa, babu baƙin tabo. Na taka kowace kusurwa, ƙasan daram. Na kwanta a ƙasa na leƙa ƙarfen gindin, tsatsa kaɗan ce ta sama. Ya kunna mini murhun gas mai kai biyu, wanda ake iya cirewa a rataya a waje, Maman yara ta ce to, ko miyar daddawa aka yi ba za ta kama labule ba. Akwai kuma ɗan famfon wanka a jikin bangon waje, na wanke yashi da ƙafa, ga alwala. Matar ta ɗauko wani littafi inda suke rubuta duk shekarar da suka zuba maganin hana daskarewa a bututun ruwa, da ranar da aka sa wa ƙafafun giris. Mutanen da ke rubuta irin wannan ba sa barin rufi ya yi yoyo.

Aibi ɗaya na samu. Tayoyin suna da zane kamar sababbi, amma lambobi huɗu na ƙarshe a jikin taya suna faɗin mako da shekarar da aka yi ta, waɗannan kuma sun haura shekara takwas. Tayar tirela tsufa ke kashe ta kafin titi ya cinye ta. Na nuna masa, bai yi musu ba.

Nauyinta wayam bai kai laba 2,000 ba, iyakarta da kaya kuma tana ƙasa da 3,000. Ko da na cika ta, akwai sauran sarari mai yawa tsakaninmu da iyakar motar. Dokar jihar sai daga laba 3,000 take tilasta birki a jikin tirela, amma wannan tana da nata birkin na lantarki, kuma zan sa a haɗa shi. Iyalina ne a ciki, ba zan tsaya a iya abin da doka ta tilasta ba.

Saura banɗaki, don babu. Na ja Maman yara gefe na ce in ba ta yarda ba mu haƙura, mu ƙara shekara muna tarawa. Ta shiga ta zauna a kan gadon baya, ta ja labulen da ke raba shi da sauran ɗakin, ta zuge tagogin tamfol ɗin. Ta daɗe a ciki. Da ta fito ta ce sansanonin jihar, wato wuraren da aka keɓe don kwana a tanti ko tirela, suna da banɗakuna da wurin wanka, mun gani bara, butarmu kuma tana nan, abin da take so shi ne wurin sauya kaya da gadon da ya bar ƙasa, kuma ga su. "Shekarar da za mu ƙara, yaran nan girma suke yi," in ji ta. Ita ta yanke maganar, ba ni ba.

Dattijon ya sa dala 4,800. Na kawo maganar tayoyi, ya rage 400, ya haɗa mana da katakan daidaita ƙafa da wayar wuta. Na ba da kafin alƙalami, muka rubuta a takarda, na duba lambar jikin tirelar ta yi daidai da ta takardar mallaka. Abin da ya rage a hannunmu zai tafi a tayoyi da haɗa birki, ƙila ma sai na ɗan ƙara daga albashin wata mai zuwa don ƙugiyar ja. Sai Asabar mai zuwa za mu ɗauko ta, in Allah ya kai mu.

A hanyar dawowa muka tsaya kanti muka sayi rigunan ruwa. Doka a nan ta ce yaron da bai kai shekara goma ba dole ya kasance sanye da ita muddin jirgi na tafiya, ni kuma na ce kowa, har ni. Da nauyin yaro ake zaɓa, ba da shekaru ba, kuma mai kantin ta nuna mana yadda ake gwadawa: a ɗaure, a kama kafaɗun rigar a ja sama, in ta haura haɓa da kunne ta yi yawa. Ta Auta sai da aka sauya sau biyu. Ta kuma tuna mini cewa kwalekwalen da ya wuce ƙafa goma sai an yi masa rajista, ɗaya daga cikin nawa ya wuce, kuma dole a wanke shi a tsiyaye ruwansa kafin a bar kowane tafki, saboda wasu ƙananan ƙumba masu zane da ke bin jirage suna ɓata ruwa.

Bayan isha'i na auna ƙofar gareji. Za ta shiga, in an matsar da kekuna, don haka babu kuɗin ajiya a hunturu. Na kuma buɗe shafin sansanonin jihar. Kwana 120 kafin ranar zuwa ake buɗe kama wuri, na bakin ruwa kuma tuni an kwashe na ƙarshen mako. Na samu kwana biyu a tsakiyar mako a Itaska, inda kogin Misisifi ke farawa ɗan siriri har ana tsallake shi a kan duwatsu. Gobe zan tambayi wurin aiki ko za su ba ni ranakun.

Babban ɗana ya leƙo ɗazu kafin ya kwanta, ya tambaya ko shi zai tuƙa ɗaya kwalekwalen shi kaɗai. Na ce sai ya iya kifar da shi ya sake hawa a ruwan da bai wuce ƙugunsa ba, sau uku a jere. Ya ce to, a fara da wannan.