Ranar da na taɓa kuɗin zumunta

Shekara huɗu ke nan ina riƙe da jakar zumuntar mata a cocinmu a Sabon Tasha, Kaduna, ni ce ma'aji, kuma gaskiya a da ina ɗaukan kaina mai aminci ga Ubangiji tunda ba na fashin sujada, ina fid da zakka, ranar zumunta kuwa ni ce ta fari da ɗaura zani. In aka ce aminci, Daniyel a ramin zakuna nake tunawa, wato babbar jarabawa wadda kowa zai gani.

Sai ga Fabrairun 2023, lokacin canjin kuɗi. Kowa ya san wuyar da aka sha, tsofaffin 200 da 500 da 1000 mutane sun daina karɓa, sababbin kuma babu su, layi a banki tun asuba, transfa sai ta maƙale a hanya. A cikin wannan hali autana ya kwanta da zazzaɓi cikin dare, jiki kamar garwashi, na ruga kemis mai shagon ya ce babu netwok, sai tsabar kuɗi. Ni kuwa can ƙasan akwatina akwai baikon mata, wato kuɗin da suke bayarwa a zumunta, na sati uku cikin baƙar leda an ɗaure da roba, har da 'yan sababbin takardu a ciki. Na daɗe a durƙushe ina kallon ledar nan, yaro yana nishi a bayana, ƙarshe dai na zare dubu takwas na ce a raina ai aro ne.

Yaro ya warke, Allah ya sa, cikin sati biyu na mayar da kuɗin cif, ba wanda ya sani, lissafi kuma ya fita daidai. To amma addu'a ta ƙi yi mini daɗi, in na durƙusa sai ledar nan ta tsaya mini a ido.

Abin da ya karya ni shi ne ranar da muka yi binciken Littafi Mai Tsarki a Ayyukan Manzanni sura 5, labarin Hananiya da matarsa Safiratu, waɗanda suka sayar da gona suka ɓoye wani kaso na kuɗin, suka kawo wa manzanni sauran. Na sha jin sa tun a Sande Sukul amma ban taɓa lura ba cewa manzo Bitrus ya ce wa Hananiya gonar tasa ce, ko bayan ya sayar kuɗin na hannunsa ne, laifin shi ne ya yi kamar ya kawo duka, kuma ba mutane ya yi wa ƙarya ba, Allah ne. Ni ma fa haka na tsaya gaban mata na ce kuɗinku na nan ba a taɓa ba. Wata ta karanto Luka 16:10, inda Yesu ya ce mai aminci a ƙaramin abu shi ne mai aminci a babba, na ji kamar da ni kaɗai ake.

Washegari na je gidan shugabarmu, na same ta tana tsince shinkafa a faranti, na ce Mama na zo da magana mai nauyi, na faɗa mata duka ina kuka. Ta ajiye farantin ta ce, "'Yata, da kin kira ni a daren nan ni da bakina zan ce ki ɗauka, ai don irin wannan rana muke tarawa. Ɓoyewar ce ta hana ki barci." Ba ta yi mini faɗa ba, amma ba ta ce ya wuce ba, ta ce in rubuta a littafi yadda ya faru.

Na rubuta kuwa, ranar da na ɗauka, nawa, don me, da ranar da na mayar, kuma a rahoton ƙarshen wata na karanta shi da kaina gaban mata, muryata na rawa. Tun daga ranar mu biyu muke ƙirga baiko a coci, mu sa hannu tare kafin leda ta bi ni gida.