Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Fatsa a Tafkunan Saman Tsaunukan Siyera Nebada

Jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. A makon jiya mun tsaya a inda kwalta ta ƙare, can saman garin Lone Pine a jihar Kaliforniya, wajen mita 3,000 daga doron teku. Daga nan babu mota, sai ƙafa, kaya a baya, tafiyar kilomita 8 zuwa 10 kafin a isa tafkunan Cottonwood. Yau zan jingine labari, in yi bayanin yadda ake kama kifin tirawut, wani kifin ruwan sanyi, a irin waɗannan tafkuna, don sai da shi za a gane abin da ke tafe.

Ruwan nan narkakkiyar ƙanƙara ce, garau yake har ƙasa, abinci kuma kaɗan ne a cikinsa. Kifin kullum da yunwa yake, amma yakan riga mutum gani. Yawancin tafkunan asalinsu ba su da kifi. Mutane ne suka riƙa kai shi a gwangwani bisa alfadarai, daga baya aka koma zubawa daga jirgin sama. Ɗan asalin yankin shi ne tirawut mai ruwan zinariya na rafukan kogin Kern, wanda jihar ta ɗauka a matsayin kifin da ke wakiltarta tun 1947.

Tun a gari ake mallakar lasisin kamun kifi, wajibi ne ga duk wanda ya kai shekara 16, da takardar izinin kwana a daji. Kayan fatsa kada su wuce rabin kilo: sanda mai gaɓa huɗu, zare siriri mai ɗaukar kilo 2, 'yan cokulan ƙarfe masu sheƙi na giram 3 zuwa 4 da ake yin koto da su, ƙudajen roba da gashi masu ƙugiya lamba 14 ko 16, da filaya. Zare mai kauri shi ya fi hana mutane kamu, domin a ruwa mai haske kifi yana ganinsa sarai, ya biyo koto har gaɓa, ya juya abinsa.

Hanyar da na fi yarda da ita ita ce ta kumfar roba, wato 'yar ƙwallon roba mai iska a ciki da ke yawo a kan ruwa. A cika ta da ruwa rabi don ta yi nauyin jifa, a zura ta a zare, a ɗaura ɗan ƙarfe mai juyawa a ƙasanta, sannan a ƙara zare mita ɗaya da rabi a ɗaura ƙuda. In an jefa, dab da kumfar za ta faɗa ruwa a taɓa zaren da yatsa, ƙudan ya miƙe gaba. In ba haka ba zai naɗe da kumfar, a yi ta ja a banza. Bayan ta sauka a jira ruwa ya lafa, sannan a riƙa janyowa a hankali ƙwarai. Idan kifi ya kama, ɗaga sanda kawai ya isa. Fizga da ƙarfi tsinke zare take yi.

Wuri ya fi kaya muhimmanci. A nemi inda rafi ke shiga tafki da inda yake fita, da inda launin ruwa ya sauya daga kore zuwa shuɗi, nan ne gangaren da kifi ke kewaya. Idan iska na kaɗawa, a je gaɓar da take bugawa, ko da jifa zai yi wuya, don can take tara ƙwari. A durƙusa, a taka a hankali, kada inuwa ta faɗa ruwa. Sassafe da gab da magariba su ne lokaci.

Hadari yakan taso da rana tsaka a Yuli da Agusta. Sandar fatsa ta zamani tana ɗaukar lantarki, saboda haka da an ji tsawa a kwantar da ita ƙasa a bar bakin ruwa.

Wasu tafkunan sai da ƙugiya marar ƙaya, wasu kuma dole a saki abin da aka kama. A karanta dokar kowane. Mai saki ya jiƙa hannu tukuna, busasshen hannu yana goge yauƙin da ke kare fatar kifin. Amma inda aka ga kifaye masu babban kai da siririn jiki, sun yi wa abincin yawa ne, cin su alheri ne ga tafkin in doka ta yarda.

A wannan tsayi galibi an hana hura wuta, sai ɗan risho na gas. Ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 90, dahuwa na jan lokaci, suya da cokali biyu na mai ta fi sauri. A gyara kifi nesa da tanti, ragowar abinci da duk mai ƙamshi a kulle cikin gwangwanin da beyar ba ta iya buɗewa.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu haura mashigar tsauni ta New Army.