Ban ruwa da hasken rana a gonar da ba a zuwa kullum

Duk wanda yake da fili mai nisa daga gari, inda wayar lantarki ba ta kai ba, kuma ba zai iya leƙawa kowace safiya ba, ya san cewa samun ruwa da isar da shi gindin shuka a kan kari matsaloli ne guda biyu daban. Injin fetur yana jawo ruwa da ƙarfi, amma sai an tsaya a kansa, an zuba masa mai, an tayar da shi, an kuma kashe shi. Farantin sola ba ya bukatar ko ɗaya daga cikin waɗannan, shi ya sa mutane da yawa suka koma gare shi, musamman da yake farashinsa a kasuwannin duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. Sai dai na lura yawancin masu shirin kafa irin wannan tsari suna farawa ne da tambayar girman batirin da za su saya, alhali a ganina wannan ita ce tambayar da ya kamata ta zo ƙarshe, in ma har za ta zo.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne yawan ruwan da shukar take sha. Lissafin ba shi da wahala: idan ruwa mai kaurin milimita 1 ya rufe fili mai faɗin murabba'in mita 1, to lita 1 ke nan. A lokacin zafi da busasshiyar iska, ruwan da ƙasa da ganye suke fitarwa a yini yakan kai milimita 6, wani lokaci ma ya zarce. Saboda haka fili mai murabba'in mita 200 da shuka ta lulluɓe zai nemi kimanin lita 1,200 a rana. Daga nan sai a auna tsawon da ruwan zai hau, tun daga inda yake kwance a cikin rijiya, bayan famfo ya ɗan jima yana ja ya sauka, har zuwa bakin tanki, sannan a ƙara ɗan wani abu saboda gogayyar da yake yi da bututu. Mu ɗauka jimillar ta kama mita 20. Ɗaga lita 1,000 zuwa mita 10 yana cin ƙarfin da ya kai wat 27 na tsawon awa ɗaya, don haka aikin namu gaba ɗaya bai wuce wat 65 na awa ɗaya ba. Ƙananan famfuna suna ɓarnatar da fiye da rabin wutar da aka ba su, to ko an ninka wannan adadi sau uku, farantin wat 100 zuwa 150 zai wadatar a wurin da rana take bayar da cikakken ƙarfinta na awa biyar. Mutane sukan yi mamakin ƙanƙantar wannan adadi, domin sun saba ganin ana jera faranti takwas ko goma a kan rufin gida.

Yanzu ga inda nake da ra'ayi mai ƙarfi. Rana tana aiki da tsakar yini, shuka kuwa ta fi amfana da ruwan safe ko na yamma, don haka dole a adana wani abu tsakanin lokutan biyu. Ana iya adana wuta a batir, ana kuma iya adana ruwan kansa a tankin da aka ɗora a bisa, kuma na biyun ya fi na farkon ta kusan kowace fuska. Batirin dalma ba ya son a zuƙe fiye da rabin cajinsa, zafi yana rage masa kwana ƙwarai, kuma idan aka bar shi babu caji na makonni sai ya mutu murus. Na litiyam ya fi jurewa amma ya fi tsada, kuma shi ne abin da ɓarawo zai fara ɗauka a wurin da babu mai gadi. Tanki kuwa ba ya lalacewa don an cika shi ko an ƙarar da shi, kuma idan aka yi shi da girman da zai ɗauki ruwan kwana biyu ko uku, to ranakun hadari ko na ƙura ba za su taɓa shukar ba. Sai a haɗa farantin kai tsaye da famfo mai amfani da wutar sola ta hanyar ƙaramar na'urar da take daidaita ƙarfin wutar, rana na fitowa famfo ya fara ja a hankali, da azahar ya kai ƙarshen ƙarfinsa, da la'asar ya lafa da kansa. Idan ana son ruwa ya riƙa sauka a wani ƙayyadadden lokaci, akwai agogon bawul, wato na'urar da take buɗe bututu ta kuma rufe shi a lokacin da aka saita mata, mai aiki da ƙananan batura irin na tocila, wanda yakan yi watanni kafin a canza su. A dai tabbatar an sayi irin wanda yake buɗewa ko da matsin ruwa kaɗan ne, domin wasu an ƙera su ne don famfon gari mai ƙarfi, kuma ba za su motsa ba a ƙarƙashin tanki.

Batun matsi shi ne yake kayar da mutane da yawa. Tsayin mita 10 na ruwa shi ne yake bayar da matsin da ake kira "bar" ɗaya a ma'aunin matsi, kuma yawancin 'yan maɗigai (ƙananan kafofin da suke ɗigar da ruwa daga tiyo zuwa gindin shuka) da aka ƙera don su daidaita ruwa da kansu suna bukatar rabin wannan ko fiye kafin su yi aiki daidai. Tankin da aka ɗora a kan mita 2 ba zai ba su abin da suke nema ba. Mafita ita ce a yi amfani da maɗigai marasa wannan dabara, a gajarta layuka, a kuma shimfiɗa su a kan ƙasa mai daidaito, in ba haka ba shukar da take kusa da tanki ta sha har ta ƙoshi, ta ƙarshen layi kuwa ta yi yaushi. Babban bututu ma kada a yi masa ƙoro: idan aka ninka faɗinsa sau biyu, gogayyar ruwa a cikinsa tana raguwa kusan sau 30. Shi wannan ban ruwa na ɗigo-ɗigo ba sabon abu ba ne, domin tun 1965 aka kafa kamfanin Netafim a Isra'ila don ƙera kayansa bisa aikin injiniya Simcha Blass, kuma tun wancan lokaci babban abokin gabarsa bai canza ba, wato toshewa.

Ramin da ruwa yake bi a cikin maɗigi bai kai milimita ɗaya ba, ƙwayar yashi guda ta isa ta rufe shi. Wanda ya taɓa kwance matatar ruwa bayan mako biyu ya san abin da ake gani: wani kore-kore mai santsi ya manne a jikin ragar, da laka mai laushi a gindinta, kuma ruwan da ya yi kama da garau a ido shi ne ya kawo su. Saboda haka matata ba kayan ƙawa ba ce, a sa ta a bakin fitar tanki, a kuma buɗe ƙarshen kowane layi lokaci-lokaci ruwa ya wanke shi. Tankin ya zama baƙi ko mai duhun da haske ba ya ratsawa, da murfi, domin haske ne yake raya gansakuka. Bakin fitar ruwan kuma ya ɗan ɗaga daga ƙasan tanki, laka ta sami wurin kwanciya.

Akwai na'urori biyu masu arha da ban yarda a yi tsumulmularsu ba. Ta farko ita ce mai yawo a kan ruwan tanki, wadda take kashe famfo idan ya cika. Ta biyu ita ce wadda take kashe shi idan ruwan rijiya ya ja baya, domin famfon da ya yi ta juyawa babu ruwa yana iya ƙonewa cikin ɗan lokaci, kuma babu wanda zai ji ƙararsa. A kuma sani cewa famfon da yake zaune a sama yana zuƙo ruwa ba ya wuce zurfin mita 7 ko 8, komai ƙarfinsa, saboda nauyin iska ne yake turo ruwan. Abin da ya fi haka zurfi sai famfon da ake nutsarwa.

Shi farantin kansa ba ya bukatar dogon bayani. A arewacin duniya ya fuskanci kudu, a kudanci ya fuskanci arewa, ya kuma karkata aƙalla digiri 10 don ruwan sama ya riƙa wanke shi. A bar iska ta riƙa bi ta ƙarƙashinsa, domin zafi yana rage masa ƙarfi, kuma a guji inuwa ko da ta reshe ɗaya ce, tun da ƙwayoyinsa a jere aka haɗa su, rufe kaɗan daga ciki yana ja wa sauran. Wayoyi da tiyo a binne su ko a rufe, saboda ɓeraye da sauran dabbobi idan ƙishirwa ta kama su sukan ci tiyo su kai ga ruwa.

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne, tun da ruwan sola ba ya cin kuɗin mai, babu abin da yake tsawatar wa mai gona ya rage ja. A Indiya, inda gwamnati ta ƙaddamar da shirin PM-KUSUM a 2019 don taimaka wa manoma su sami famfunan sola, masana harkar ruwa sun daɗe suna nuna damuwa kan yadda ruwan ƙarƙashin ƙasa yake janyewa a wasu jihohi. A ƙaramar gona ma haka abin yake: rijiyar da ake ja fiye da yadda take tsattsafowa za ta fara kawo yashi, yashin ya cinye cikin famfo, ya kuma toshe maɗigai. Don haka kafin a sayi komai, a ja ruwan rijiyar a lokacin da ta fi ƙaranci a shekara, a ga tsawon lokacin da take ɗauka kafin ta dawo, sannan a zaɓi famfon da ba zai fi ƙarfinta ba, ko da hakan yana nufin tanki zai ɗauki yini guda cur kafin ya cika.