Noma cikin akwati a tsohon filin jirgin Berlin

Ni dai abun da ya fitar da ni daga ɗaki a Jamus ba makarantar koyon Jamusanci bace, gona ce. Gonar ma a filin jirgi. Tempelhof sunan wajen, an rufe shi a 2008 jirage suka daina sauka, a 2010 aka buɗe wa jama'a, yanzu kan titin da jirgi yake gudu yara ke tuƙa keke. A gefen unguwar Neukölln akwai gonar haɗin gwiwa da ake kira Allmende-Kontor, tun 2011 take, wani abokin aikina ne ya ja ni can lokacin da ya ga kullum daga aiki sai gida.

Abun da ya fara ɗaure min kai, ba'a haƙa ƙasa. Haramun. Wai ana gudun abun da ke binne tun zamanin yaƙin duniya na biyu da dattin da jirage suka bari, saboda haka kowa akwati yake haɗawa da katakon falet, wanda ake ɗora kaya a kai, ya cika da ƙasa da taki, wani ma tsohon bahon wanka ya samu, wani takalmi ya shuka fure ciki. Da farko na raina abun gaskiya, nace wannan ai wasan yara ne. Amma akwatin nan in ka bashi taki mai kyau latas da karas da wake da kabewa sai kayi kyauta dasu.

Takin nan kuwa shine addininsu wlh. Ɓawon kayan miya, ganye, garin kofi da aka gama dafawa, komai a tara a dinga juyawa har ya ruɓe ya koma baƙar ƙasa, dafaffen abinci da nama kam ba'a sakawa saboda ɓeraye. Maganin feshi kuma kar ma ka ambata, dodon koɗi marar ɓawon nan da ke cinye latas cikin dare da hannu ake tsince shi.

Sai lokaci. Tumatir da barkono a taga ake tsirar dasu cikin ɗaki tun watan Maris, ba'a fitar dasu sai tsakiyar Mayu ta wuce, don sanyi kan dawo dare ɗaya ya kashe komai. Wata dattijuwa da akwatinta ke kusa da nawa ita ta koya min in yi wa tumatir rumfa don ruwan sama na ruɓar da ganyensa, rabi da Jamusanci rabi da hannu muke magana, kuma a bakinta na tsinci kalmomin da littafi bai bani ba. Turkawa, Larabawa, Jamusawa, kowa da irin da ya zo dashi ana musaya.

Kar wani ya ɗauka gonar na ciyar damu fa, shago muke zuwa kamar kowa. Masu son fili na kansu sai su nemi Schrebergarten, ƙananan lambunan haya ne, Berlin na da kusan 70,000, sai dai layin jira na shekaru ne kuma doka ta ƙayyade har girman bukkar da zaka gina, murabba'in mita 24. Na rubuta sunana dai. A 2014 mutanen gari suka kaɗa ƙuri'a cewa kar a yi gini a filin Tempelhof, amma da tsadar haya maganar gina gidaje a gefensa ta sake tasowa, mu masu akwati sai sauraro.