Kada ku sa wa ruwan gishiri wutar lantarki a ɗaki

Shekaranjiya a Tudun Wada na tarar da ɗan ƙanwata a zaure, ya ciro batirin babur ɗin babansa ya jona wayoyi biyu, yana ta zuba gishiri a kofin ruwa. Wai a waya ya ga ana fitar da iskar haidirojin. Na ce, "Kai ɗana, gishirin na mene ne?" Ya ce, "Kawu, don ya yi sauri." Sai gabana ya faɗi.

Ina ɗan sakandare na yi nawa, a ɗakinmu na Sabon Gari, cikin hunturu, ƙofa da taga a rufe. An koya mana elektirolisis, cewa lantarki na raba ruwa ya ba da haidirojin ninki biyu na oksijin. Na fasa batiran tocila na zaro sandunan gawayinsu, na aro batirin mota. Ruwan famfo ya ƙi yin kumfa sosai. Na sa sukari, shiru, don sukari ko ya narke ba ya ɗaukar wuta. Ina zuba gishiri kuwa sai kumfa ya tashi, na yi ta ƙarawa har ya daina narkewa.

Ashe in gishiri ya yi yawa, ɓangaren jar waya kulorin, wata iska mai guba, yake fitarwa maimakon oksijin. Baƙar waya na ba da haidirojin, ruwan da ya rage ya koma soda irin ta masu sabulu. Kulorin ta fi iska nauyi, ƙasa take bi, ga ƙanwata, uwar yaron nan, tana barci a tabarma, kuma tana da asma. Kwana muka yi a kanta tana tari, numfashi na sarƙewa.

Ni dai ba ɓarna na nufa ba, ilimi nake nema, kuma ba a taɓa nuna mana gwajin a makaranta ba. Masanin kimiyya Humphry Davy ma da gwaji ya fitar da sodiyam da fotasiyam a 1807, wa ya zarge shi? Amma bayanin ruwan gishiri yana nan a littafin, gaggawa ce ta hana ni kaiwa wurin. Har yau in ƙanwata ta yi tari sai na ji nauyi.

To ku yara, ku bar wannan wasan kwata-kwata. Ko da yake in ba ku gwada ba ta ina za ku sani? Ku yi a tsakar gida, da ƙaramin batir, ku sa bekin soda (baking soda, ba sodar masu sabulu ba) maimakon gishiri, ba ta fitar da kulorin. Ashana kuma nesa, haidirojin kama wuta yake yi. Batirin inbata da kuke caji kusa da gadonku ma shi yake fitarwa, ku buɗe taga. Mu littafi ɗaya muke da shi, ku duniya ce a hannunku, amma bidiyon minti ɗaya ma ba kwa iya kallo zuwa ƙarshe kafin ku je ku kwance batirin mutane.